Katangar da Baba Ya Gina

Auta: Alo? Mama?

Mama: Alo! Wa ke magana?

Auta: Mama, ke fa kika kira ni.

Mama: Na sani. So nake in tabbatar, kada in zuba wa baƙo maganata kamar rannan. Auta ce?

Auta: Ita ce. Ina wuni, Mama?

Mama: Lafiya lau. Ina gajiya?

Auta: Ba gajiya. Yaya gida? Yaya gwiwar?

Mama: Gwiwa tana nan inda kika bar ta. Yaya maigidan naki?

Auta: Lafiya lau, ya ɗan yi tafiya, jibi zai dawo.

Mama: Allah ya dawo da shi lafiya. Ɗan mijin nawa fa? Ko ya samu wata ne, shiru ba gaisuwa?

Auta: Yana makaranta. Haƙoransa biyu na gaba sun fita.

Mama: To ki gaya masa na fasa. Ban yi tsufan da zan zauna da mai wawulo ba.

Auta: Zan gaya masa. Ruwan jiya ya iso ku?

Mama: Me?

Auta: Ruwa, Mama. Ruwan sama.

Mama: Oho. Ya iso, yayyafi ne dai, ko ƙura bai kwantar ba. Kina ofis ne? Ina jin fanka.

Auta: Ina ofis. Mama, lafiya kuwa? Yau ke kika kira da katinki, ba filashin ba.

Mama: Uwa ba ta da ikon gaida 'yarta?

Auta: Tana da shi. Amma tun da aka saya miki wayar nan, sau biyu kika taɓa kirana da kanki, kuma duka biyun rasuwa aka yi.

Mama: Ba wanda ya mutu. Tambaya ce da ni, ke da kika yi boko. Me ke cire fenti a farce?

Auta: Kananzir, sai ki bi da sabulu. Wane fenti?

Mama: Fenti dai. Fari.

Auta: Ɗakinki kika shafa? Da kafaɗar nan taki?

Mama: Ba ɗakina ba.

Auta: To ina?

Mama: Layin nan yana rawa, ba na jin ki sosai.

Auta: Ni ina jin ki tar. Mama, ina kika shafa farin fenti?

Mama: Mu mata mun ɗan yi shara a coci jiya. Ai kin san Laraba ranar taronmu ce. Muka share, muka wanke benci, sai muka ga katangar gaba ta yi datti.

Auta: Datti.

Mama: Datti mana.

Auta: Jan fentin da na sa ranar Litinin shi ne dattin?

Mama: Ni ban ce ke kika sa ba.

Auta: Ni na sa, Mama. Ni na ja tef ɗin awo, ni na duba taswira, ni na riƙe buroshi. Kowa a layin ya gan ni, har matar Fasto ta kawo mini ruwa na sha. Ke kika shafe?

Mama: Mu bakwai ne.

Auta: Wa ya riƙe buroshin?

Mama: Ni ce babba. Wa zai riƙe?

Auta: Oh, Mama.

Mama: Kada ki yi mini oh Mama. Kin san yadda na shiga coci ranar Talata da safe? Kowa ya sunkuyar da kai yana gaishe ni kamar ana yi mini ta'aziyya. 'Yar da aka yi wa baftisma a wurin, 'yar da ta yi shekara goma tana waƙa a gaba, ita ce ta zo da rigar ofis ta zana wa gidan Allah alamar rushewa. Katangar da ubanki ya gina da hannunsa!

Auta: Ba cocin za a rushe ba. Katangar gaba ce kaɗai, ita ma matsar da ita za a yi. Ta shigo cikin hanya da ƙafa shida, daidai inda lambatu zai bi.

Mama: To lambatun ya lanƙwasa mana.

Auta: Ruwa ba ya lanƙwasawa don an roƙe shi. In lambatun ya tsaya a bakin katangarku, duk ruwan layin sama gidajen bayan coci zai faɗa. Bara ɗakin wa ya zube?

Mama: Na mai ɗinki.

Auta: Da kekenta a ciki.

Mama: Mu ne muka kwashe mata kaya, ba gwamnati ba. Gwamnatin da ta bar famfonmu wata huɗu ba ɗigon ruwa? Yau ta tuna da mu, da ta ga katanga? Gidan man da ke kan kwana fa, na mai babbar motar nan? Shi bai shigo hanya ba?

Auta: Ya shigo da ƙafa tara. Na sa masa ja, ya fi naku girma.

Mama: Ya bari?

Auta: Tun ranar yake kiran shugabanmu a waya. Ni dai na rubuta abin da tef ya nuna, na sa hannu. Shi ya sa naku ya fi damuna, Mama. In aka ɗaga wa coci ƙafa, ranar da zan koma wurinsa me zan ce? Zai ce na cocinku fa?

Mama: Kin haɗa gidan Allah da gidan mai?

Auta: Tef ɗin ne ya haɗa su, ba ni ba. Kuma ki ji, goge alamar ofis laifi ne. Gobe in na wuce na ga fari, dole in rubuta.

Mama: Ki rubuta uwarki?

Auta: Na fi son ki zo da kanki ki ce ke ce, kin yi cikin ɓacin rai. Gargaɗi za a yi miki, a sake shafa jan. Ba wanda zai kulle tsohuwa a kan gwangwanin fenti.

Mama: Wa kike kira tsohuwa?

Auta: Yi haƙuri, yarinya.

Mama: Mara kunya. To ai gobe dama ofishinku za mu zo.

Auta: Na ga sunan cocin a jerin masu ƙorafi. Ƙarfe goma, gaban kwamiti. Wannan daidai ne, Mama, don haka aka kafa kwamitin. Kowa yana da ikon ya zo ya ce bai yarda ba.

Mama: Sakataren coci ya rubuta takarda.

Auta: Madalla. Me ta ce?

Mama: Ta ce ubanki a kan iyaka ya gina, bai ƙara ko taku ɗaya ba. Ta ce a kusurwar nan ba a taɓa kafa dutsen iyaka ba, taswirarku ce ta yi kuskure. So yake in sa hannu, a matsayin matar maginin, wadda ta ga aikin da idonta. Ƙarfe huɗu zai kawo mini ita gida.

Auta: Yau?

Mama: Yau. Cikin waɗanda suka ga ginin mu uku muka rage. Shi, da ni, da tsohon da ke kaɗa ƙararrawa, shi kuwa yanzu ko 'ya'yansa sai an gaya masa sunansu.

Auta: Fasto me ya ce?

Mama: Fasto yaro ne, ana ginin nan yana rarrafe. Ranar Lahadi ya yi wa'azi a kan girmama hukuma, ya ce mai bi shi ya kamata ya fi kowa kiyaye doka a unguwa, don kada a zagi sunan Ubangiji ta dalilinmu. Kowa ya ce amin. Da aka tashi dattawa suka ja shi ɗakin baya, ya fito yana share gumi.

Auta: Ke ma kin ce amin?

Mama: Na fi kowa ɗaga murya. Lokacin ba a sa jan fenti ba.

Auta: Mama, ke ce fa kike jan addu'ar shugabanni duk sati. Tun ina ƙarama nake jin ki, Allah ka ba su hikima, ka ba su adalci.

Mama: Addu'a daban, katanga daban.

Auta: Manzon da ya ce a yi wa masu mulki biyayya, a zamaninsa ba katanga ake rushewa ba, masu bi ake kamawa. Duk da haka ya...

Mama: Kada ki karanta mini. Ni na koya miki wurin, kina zaune kina cin gefen littafin. Na san abin da ya ce. To in gobe suka ce mu daina sujada fa? Shi ma sai mu ce to?

Auta: Ranar nan ni zan fara ajiye musu tef ɗinsu in zo in zauna kusa da ke a benci. Amma ba su ce ku daina sujada ba. Cewa suka yi ruwa ya wuce.

Mama: Hm.

Auta: Kuma biyayya ba ita ce yin shiru ba. Ku zo gobe ku faɗi maganar famfo, da sunayenku a ƙasa, ni zan nuna muku ƙofar da za ku kai ta. Ku nemi a ba ku lokaci. Ku nemi a bar ku ku sauke katangar da hannunku, bulo-bulo, kada katafila ta taɓa ta, ku mayar da ita baya. Duk wannan ana bayarwa in an nema.

Mama: In na sa hannu a takardar fa? Me zai faru?

Auta: Shaida biyu a kan cewa ba dutse, kwamiti ba zai yi gaggawa ba. Za su dakatar da aikin wurin, su ce a sake awo daga tushe. Wannan sai bayan damina.

Mama: Ke fa?

Auta: Ni za a ce awona ne ba daidai ba, a ba wani. Wannan ba kome, ba yau aka fara ba. Mai ɗinki ce za ta sake kwana tana kwarfar ruwa. Amma Mama, in gaskiya ce ki sa hannu. Ban ce ki ƙi don ni ba. Taswira tana nuna duwatsu huɗu a filin cocin, mun tono uku, na huɗun mun haƙa har gwiwa ba mu gan shi ba. Daga ukun na ja layi na fitar da inda ya kamata ya kasance. Na yarda da lissafina, amma ban ga dutsen ba. Ke kina wurin, ni ba a haife ni ba.

Mama: An haife ki. Kina bayana.

Auta: To ina barci.

Mama: Dutsen nan da kuke nema, yaya kamarsa?

Auta: Na siminti ne, mai kusurwa huɗu, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Akwai ɗan ƙarfe a tsakiyar kansa, da lamba a gefe ɗaya. Me ya sa?

Mama: Tambaya ce.

Auta: Mama?

Mama: Hm.

Auta: Alo? Mama, kina ji na?

Mama: Ina ji. Rufe ƙofar ofishinki.

Auta: Ni kaɗai ce, sauran sun fita duba gada.

Mama: Shekara ashirin da shida ke nan. Lokacin hanyar nan ba hanya ba ce, 'yar turba ce, keke biyu in sun haɗu sai ɗaya ya tsaya. Jama'a ta ƙaru, ranar aure mutane har waje suke tsayawa. Aka ce a yi katanga. Ubanki ya zo da igiyarsa ya ɗaura a kan dutsen, ya ja ta zuwa ɗayan. Dattawa suka ce ya matso gaba, a samu fili. Ya ce nan ne iyaka. Suka ce wa zai zo ya duba, ai ba don kanmu muke ci ba, don Allah ne.

Auta: Ke nan akwai dutsen.

Mama: Ki bar ni in gama. Kwana uku ubanki bai ɗauki cokalin gini ba. Ya zauna a gida yana gyaran kujerar da ba ta lalace ba. Suka aiko aka ce masa ya fi tsoron gwamnati a kan tsoron Allah. Wannan maganar ta cinye shi, Auta. Mutumin da bai taɓa karɓar ladan aikin coci ba. Daga baya suka ce in ba zai yi ba za su kira wani magini, wanda ubanki ya san katangarsa ba ta kai damina uku. Ya ce da yara su riƙa wasa a gindin katangar wancan, gara ya gina.

Auta: Wa ya cire dutsen?

Mama: Wani saurayi mai ƙarfi, da diga. Shi ne shugaban matasa lokacin.

Auta: Sakatare.

Mama: Ni ban kira suna ba.

Auta: Ya jefar?

Mama: Ya ce a jefa a ramin da aka ɗebi ƙasa. Ubanki ya bari har kowa ya tafi cin abinci, ya ɗaure shi a bayan kekensa ya kawo gida. Ya ce mini, wannan ba namu ba ne, na hukuma ne, wata rana za su zo nema. Kada ki bari a yar. Har a asibiti, cikin abubuwan da ya lissafa mini, da akwatin kayan aikinsa da takardar gida, ya sake faɗa.

Auta: Mama, yana ina?

Mama: Shi ke tare ƙofar kicin.

Auta: Wanne? Dutsen ƙofar kicin? Wanda nake zama a kai kina yi mini kitso?

Mama: Shi. Lambar tana ƙasa, ni na kifa shi.

Auta: Shekara huɗu ina makarantar awo. Na zo hutu na zauna a kansa ina karatun jarrabawa.

Mama: Na gan ki. Har na ce a raina, ko za ta gane? Ba ki gane ba. Na ce to, bokon ma da sauƙi.

Auta: Mama, ina dariya amma ba abin dariya ba ne.

Mama: Na sani. Ranar Litinin da aka ce mini ma'aikata sun zo suna tono a kusurwar coci, na ce ga su nan, sun zo nema, kamar yadda ya faɗa. Sai aka ce ai 'yarki ce a gaba. Na zauna a bakin gado na rasa abin da zan ce wa Allah.

Auta: Shi ne kika ɗauki farin fenti.

Mama: Shi ne na ɗauki farin fenti. Kada ki tambaye ni hikimar, babu.

Auta: Sakatare ya san yana wurinki?

Mama: Yana tsammanin yana ƙarƙashin rami, an yi gini a kai. Ya sha shiga gidan nan, ya sha jingina sandarsa a jikinsa.

Auta: To Mama, kin san abin da takardar nan take.

Mama: Na san abin da take. Ke kuma kin san abin da ɗayar hanyar take? Sunan ubanki yana rubuce a jikin katangar, a kan allon siminti. Shekara ashirin da shida duk wanda ya shiga sai ya wuce ta gabansa. In na fito da dutsen, za a ce ashe magini a filin sata ya yi gini. Shi ba ya nan balle ya ce kwana uku ya ƙi. Kuma matan nan shida da muka shafa fenti tare, su ne za su zauna da ke ranar da na mutu, su ne za su yi waƙa. Ke kina can unguwarku. Ni ce zan shiga ranar Lahadi in ga an matsa mini a benci.

Auta: Ba zan ce miki ba za a matsa ba. Wataƙila a matsa.

Mama: Ko lallashi ba ki iya ba. Halin ubanki sak.

Auta: Amma ki duba, Mama. Mutumin da yake son a manta, rami yake bari a jefa. Baba ɗaure shi ya yi a keke ya kawo gida, ya bar wasiyya a kai. Katangar, dattawa ne suka sa shi. Dutsen ba wanda ya sa shi.

Mama: Hm.

Auta: In kin sa hannu, kin ce bai taɓa ganin dutse ba. Da sunansa za ki faɗa.

Mama: Ke yanzu da kika ji, in na sa hannun, za ki tona ni gobe?

Auta: In kwamiti ya tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba. In bai tambaya ba, ban sani ba, Mama. Gaskiya ban sani ba. Kada ki kai ni wurin.

Mama: To. Aƙalla kin faɗi gaskiya. Tsaya ma tukuna, wa ya ce shi ne? Wataƙila wani dutsen ne ubanki ya ɗauko, mu muna nan muna ta wahala.

Auta: Ki duba lambar. Taswirar tana gabana a kan tebur. Ba zan faɗa miki ba, ke za ki karanta mini.

Mama: Sai na tashi ke nan. Wash, gwiwa. Riƙe, kada ki kashe, katina ne ke tafiya.

Auta: Ki kashe in kira ki.

Mama: A'a, in na kashe ba zan ɗauka ba, na san kaina. Bari in sa tabarau. Ina na ajiye... ga shi a kaina. To, ga ni a bakin kicin. Kai, ya nutse a ƙasa. Bari in ɗauko ƙotar fartanya.

Auta: A hankali, Mama. Kada ki ɗaga, ki tura shi kawai ya mirgina.

Mama: Ke kike koya mini aiki? Ni na ɗebo ruwan katangar nan kaf, da ke a baya. Hup! Ya motsa. Wayyo, tururuwa! Gari guda suka kafa a ƙarƙashi. Ku yi haƙuri, ku ma an sa muku jan fenti.

Auta: Mama!

Mama: Ya mirgina har tsakar gida. Ƙofar kicin ta rufe kanta, ji ta. Bari in goge ƙasar da bakin zane. Akwai rubutu kam. Bakwai.

Auta: Bakwai.

Mama: Huɗu. Ɗaya. Na ƙarshen shida ne, ko tara? Tsaya, a juye nake kallo. Bari in zagaya. Tara.

Auta: Tara.

Mama: Auta? Me taswirar ta ce?

Auta: Ukun da muka tono, ƙarshensu sha shida, sha bakwai, sha takwas.

Mama: To.

Auta: Shi ne, Mama.

Mama: Dama na sani. So nake in ji wani ya faɗa. Lambar tana nan raɗau kamar jiya aka buga ta, ƙasa ta adana ta.

Auta: Zan zo da mota da sassafe in ɗauke ki, ke da shi.

Mama: Ba za ki zo ba. In aka gan ki a ƙofata za a ce ke kika juya ni, a ce 'yar ofis ta tsorata uwarta. Ke ki zauna a kujerarki gobe, ki kira ni yadda kike kiran kowa. In zan zo, da ƙafata zan zo.

Auta: In za ki zo?

Mama: Haka na ce. Maganar sauke katanga da hannu, da gaske ana bari?

Auta: Ana bari, in an nema a rubuce. Sati uku, wani lokaci wata guda.

Mama: Allon da ke da sunansa fa?

Auta: Ku cire shi a hankali, ku mayar a sabuwar.

Mama: A kan iyaka.

Auta: A kan iyaka. Inda ya fara ɗaura igiyarsa.

Mama: Bulon ubanki ba ya fashewa, in an bi shi da hankali ko ɗaya ba za a rasa ba. Matasan nan na yanzu kuwa, in ba a tsaya a kansu ba... Tsaya. Ana sallama.

Auta: Wane ne?

Mama: Wa zai zama? Huɗu saura kwata, shi da ko jana'iza sai an jira shi, yau ya zo da wuri. Maraba! Ina zuwa, Sakatare, bari in sa ɗankwali!

Auta: Mama, dutsen fa?

Mama: Yana tsakar gida, lamba tana kallon sama. Ko ina so ba zan iya mayar da shi ni kaɗai ba.

Auta: Me za ki ce masa?

Mama: Baƙo ne, sai ya zauna ya sha ruwa tukuna. A'a, shigo mana, Sakatare, gidanka ne! Kada ka tsaya a rana!

Auta: Mama, ki bar wayar a kunne, in ji.

Mama: Ba maganar yara ba ce. Sannu da zuwa, sannu. A'a, ba ɗaki ba, ɗaki da zafi. Ga kujera nan na kawo maka tsakar gida. Nan, nan, matso da ita. Ka yi hankali da ƙafarka, akwai dutse.

Auta: Mama? Alo? Mama!